Tozon da Yunwa Ta Kasa Kayarwa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gidanmu da ke Yindiski ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, wani abu ya faru da mahaifina wanda har yau in na tuna sai na ji kaina ya ɗan ƙara girma. Ku yi min uzuri jama'a, yau yabon kaina zan yi, kuma ba zan ji kunya ba.

Mahaifina mai turkar shanu ne. Ya sayo ramammen sa a kara, wato kasuwar shanu, ya ɗaure shi a bayan gida, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da angurya, har ya zama bijimin da sai ƙarti sun taru kafin a ɗora shi a mota. Sana'arsa ke nan tun kafin a haife ni. Duk wanda ya san kasuwar shanun Potiskum ya san ba wurin wasa ba ce, amma shi in ya dafa tozon sa sau ɗaya, ya shafa haƙarƙarinsa, zai faɗa maka irin kiwon da aka yi masa. Bai cika kuskure ba, kuma ya san bai cika kuskure ba. Wannan na biyun shi ya kusa kai mu ga nadama.

Ni kuwa ilimin sinadaran jikin halittu na karanta. Dangi sun yi ta zaton likita za a samu a gida. Da na dawo aka ga ko allura ban iya ba, sai matan unguwa suka shiga tambayar mahaifiyata, "To ita ba likita ba, ba nas ba, mece ce?" Ita ma ba ta sani ba. Ni kaina a lokacin ban sani ba.

Akwai wani ɗan ƙullutu a bayan mahaifina, saman kafaɗarsa ta dama. Ya daɗe a wurin, bai fi ƙwallon dabino ba, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Can sai ya fara girma, har ya zamana ana ganin tudunsa ta cikin riga. Shi da kansa ya raɗa masa suna. Ya ce, "Na daɗe cikin shanu har na fara zama ɗan'uwansu. Ga tozona nan ya fito." Muka yi ta dariya. Ranar da mahaifiyata ta ga jini a bayan rigarsa wajen wanki, ranar dariya ta ƙare.

Daga asibitin gari aka tura mu babban asibitin koyarwa da ke wata jiha. Ni aka ce na raka shi, tunda ni ce mai Turancin gidan kuma ni ce marar aikin yi. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Da muka koma jin sakamako, likitan ya ce ciwon daji ne na naman fata. Amma ya yi saurin cewa irin wanda bai cika yawo a jiki ba ne, in aka yanke shi da faɗi, aka bi saiwarsa, akwai kyakkyawan fata. Sannan ya ambaci sunansa na Turanci, wani dogon suna mai karya harshe.

Abin mamaki, na san sunan. Wani malaminmu ya taɓa kawo shi misali a aji, a wata lakca da na kwashe rabinta ina gyangyaɗi. Rabin da na ji ne Allah ya sa ya zauna min a ka.

Mahaifina ya ce a ba shi lokaci, yana da shanu a turke da yake so ya fitar. Likitan ya ce to, amma kada a ja. A mota muna dawowa yana ta kallon gonaki. Na ɗauka damuwa ce. Ashe shiri yake yi.

Ga lissafinsa. Tozo abinci ke cika shi. In rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, tozon sa yakan saki ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula. Ya ga haka da idonsa ya fi a ƙirga. To tunda wannan abu na bayansa nama ne da ke girma, me zai kai shi a sa masa wuƙa? Sai kawai ya janye masa abinci, ya kwanta da kansa.

Nama ya fara bari. Sai nono da man shanu. Sai tuwon ma ya koma loma biyu. Da mahaifiyata ta fara magana, sai ya ɗauki azumin nafila. Da farko Litinin da Alhamis, daga baya kusan kullum. Ku gaya min, wa zai je ya ce wa dattijo ya bar azumi? Ya toshe mana baki ta inda ba mu da ta cewa. In an kira magariba ya ci dabino, ya sha ruwa da ɗan kunu ba sukari, ya ce Alhamdulillahi ya ƙoshi. Shanunsa na bayan gida suna ƙiba, mai shanun yana ƙarewa.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, aka auna shi, aka duba jininsa. Likitan ya kalle ni kamar ni na hana shi abinci. Ya ce ba zai taɓa shi da wuƙa a haka ba. Jininsa ya yi ƙasa, jikin ba zai ɗauki aikin ba, ko an yi ma ciwon ba zai haɗe ba. Ya ce mu koma ya ci abinci ya murmure. Kuma ƙullutun ya ƙaru. In ya ci gaba da nutsewa ya kama naman kafaɗa sosai, aikin zai zama wani abu daban, wataƙila hannun ma ba zai koma daidai ba.

Na fassara wa mahaifina duka, ban rage komai ba. Kun san abin da ya ɗauka a ciki? "Ba za a yi tiyata ba." Shi ke nan. Ya ce, "Ai haka abin yake. Sa ma jikinsa ke fara zubewa, tozo ne ƙarshen kwanciya. An kusa."

A nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Na ga mahaifina zai kashe kansa da hannunsa, da kyakkyawar niyya, yana jiran abin da na san ba zai taɓa faruwa ba.

Na gwada yi masa bayani. Na ɗauko littafina na makaranta, na durƙusa a zaure, na buɗe masa wani zane mai kibiyoyi. Rabin maganata Turanci, rabi Hausar da ni kaina ban gane ta ba. Ga shi ni ce 'yar fari, tsakanina da shi gaisuwa ce da aike, ba mu saba doguwar magana ba. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ya ce, "Kin gama? Allah ya yi miki albarka. Ki ce wa innarki a ba wa jan san nan ruwa."

Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Haushinsa, da haushin kaina, da na digirin da ya kasa sa mutum ɗaya ya ci tuwo.

Mahaifiyata ce ta ce, "Mutum ɗaya ne zai sa shi ya zauna ya ji. Tafi garin Mamudo ki ɗauko yayarsa." Wannan gwaggo tawa ita ta goye shi bayan rasuwar kakarmu. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗarsa ba, amma in ta shigo gida har hularsa yake gyarawa.

Na same ta tana sussukar gero. Na faɗa mata halin da ake ciki. Ta ce na yi mata bayanin ciwon, amma da Hausar mutane. Na fara, ta ce ba ta gane ba. Na sake, ta ce har yanzu. Sai da na yi ta sauke maganar ina cire mata kaya, har ta tsaya da ƙafarta ba Turanci ko ɗaya. A can bakin turmin gwaggo na fahimci abin da na karanta, ba a aji ba.

Ta ce, "Ni ba zan iya maimaita wannan ba, bakina zai harɗe. Ke za ki faɗa. Ni zama zan yi. In ya katse ki, ni zan katse shi."

Washegari da hantsi muka same shi a gindin darbejiyar bayan gida, yana zaune a kan tabarma yana kallon shanunsa suna ci. Rigarsa ta yi masa yawa. Gwaggo ta kalle shi sama da ƙasa, ta juya harshe zuwa Ngizimanci, yarensu na gado, ta wanke shi tas. Ban ji duka ba, amma na ga yana sunkuyar da kai kamar yaro. Sannan ta dawo Hausa ta ce, "Yarinyar nan za ta yi magana. Ka buɗe kunne."

Wannan karon ban zo da littafi ba. Na durƙusa na ce, "Baba, tambaya nake da ita a kan shanu."

Ya ɗan ɗago. "Ina ji."

"Me ke cika tozo?"

"Abinci mana."

"To in ka yi ta ba sa abinci ba ƙaƙƙautawa, tozon zai yi ta girma har ya fi san?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ina! Yana da iyaka. In ya kai inda zai kai, ya tsaya."

"Wa ke tsayar da shi, alhali abincin bai ƙare ba?"

Ya juya ya kalli shanunsa. Gwaggo ta ce, "Amsa mata mana."

Ya ce, "Ikon Allah."

Na ce, "Haka ne Baba. Kuma ga yadda Allah ya tsara shi." Na ce masa jikin mutum da na dabba duk an gina su ne da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace tana iya rabuwa biyu ta hayayyafa, amma ba ta yi sai an aiko mata da saƙo daga maƙwabtanta. Tana da abin karɓar saƙon a jikinta, kamar kunne. Na ce, "Ka tuna lokacin da ƙaho ya tsaga maka hannu? Saƙo ne ya je wa naman wurin cewa a hayayyafa a cike ramin. Da ya cike, aka daina aikowa, nama ya tsaya. Ba don ka daina cin abinci ya tsaya ba. Abinci kayan aiki ne kawai. Umarnin daban yake."

Ya kalli tabon hannunsa. Na ga ya fara bi na.

Na ce, "Baba, a kara, mai saye ya taya, mai saniya ya ce albarka ko ya sallama. Mutum biyu ne. Yaya za ka kira wanda shi zai taya, shi zai sallama wa kansa, ya sake tayawa, ya sake sallamawa?"

Ya ce, "Wannan ai ko mahaukaci ko macuci. Cinikinsa ba zai ƙare ba."

"To su ne a bayanka. Ƙwayoyin wurin sun lalace. Su ke haɗa saƙon a girma, su ke jin sa da kunnensu, su ke bi. Ba sa jiran maƙwabci, ba sa jiran kowa. Duk sanda suka ƙaru, masu kiran sun ƙaru, masu amsawar sun ƙaru. Tozon sa yana jin maganar jiki. Wannan maganar kansa kaɗai yake ji."

Ya ce, "Ko ma wa yake ji, ai sai ya ci zai girma. In babu fa?"

Na san nan ne wurin. Na ce, "In ba ka ba shi a kwano ba, a jikinka zai ɗiba. Yana ta ɗiba ma. Naman cinyarka da na damtsenka da jininka, can suka tafi. Lafiyayyun ƙwayoyin su ne masu haƙuri, in babu sai su tsaya. Su kake horarwa da yunwa, Baba. Shi ko a jikinsa."

Ya buɗe baki zai yi magana, gwaggo ta ɗaga masa yatsa. Ya rufe.

Sai na yi masa tambayar ƙarshe, wadda na kwana ina juya ta. Na ce, "In aka kawo maka sa a kara, haƙarƙari duk a waje, ƙugu ya bushe, ƙafa na rawa, amma tozo a tsaye, ya ma fi na watan jiya cika. Me za ka ce?"

Ya sa hannun hagu ya shafa haƙarƙarinsa ta cikin riga, a hankali, yadda yake yi wa dabbar da zai saya. Sannan ya miƙa hannun ta kan kafaɗa ya dafa ƙullutun, ya ɗan matsa shi.

Ya ce, "Wannan ba tozo ba ne. Ciwo ne. Ko kyauta aka ba ni san nan ba zan karɓa ba."

Gwaggo ta ce, "To mu mun karɓa, tunda namu ne. Sai ka bari mu yi kiwonsa."

Ranar yana azumi, kuma bai karya ba, mu ma ba mu ce ya karya ba. Da aka sha ruwa ya dawo daga masallaci, sai muka ji muryarsa daga zaure yana cewa, "Wai babu sauran miya ne a gidan nan?" Mahaifiyata ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da murhu. Tana zuba tuwo tana share hawaye da bakin zani.

Daga nan aka shiga kiwo na gaske. Gwaggo ta ƙi komawa Mamudo, ta kafa kujera a gabansa duk lokacin cin abinci. Burabusko da miyar taushe, farfesun hanta, wake, ƙwai, fura da kindirmo, zogale da ƙuli. Cikinsa ya saba da babu, don haka da kaɗan-kaɗan muka fara, yadda likita ya ce. Yana ci yana mita. "Kun turke ni. Saura ku kai ni kara ranar Laraba." Gwaggo ta ce ba mai taya shi a haka, ya ƙara loma.

Da muka koma asibiti, jini ya hau, jiki ya dawo, aka sa ranar aiki. Kafin a shiga da shi, likitan ya zauna zai yi masa bayanin ciwon ta bakina, kamar yadda aka saba. Mahaifina ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, bari na faɗa maka, in na yi kuskure ka gyara." Ya kwashe bayanin nan tsaf, da mai tayi da mai sallamawa da kunne da komai. Likitan yana jin Hausa sama-sama, wata nas tana cike masa. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ɗalibansa ma ba sa faɗa haka. Ya ƙara da cewa akwai ma maganin da aikinsa toshe wannan kunnen ne, ana ajiye shi don in ciwon ya ƙi yankuwa ko ya dawo. Sannan ya tambaye shi wa ya koya masa.

Mahaifina bai kalle ni ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Karatunta ke nan."

Wallahi ranar da aka ba ni digiri ban ji abin da na ji a wannan ɗan ofis ba.

An yi aiki, an yanke da faɗi, har sai da aka ɗebo fata daga cinyarsa aka rufe wurin. Ya sha jinya, mun sha zarya zuwa dubawa. Cikin ikon Allah bai dawo ba, hannun ma yana aiki, sai dai ba ya ɗaguwa can sama. Ranar da ya fara komawa kara, ya dawo da wata farar karsana ya ɗaure nesa da sauran. Mahaifiyata ya gaya wa cewa ta mai karatu ce. A wurin mutum irinsa babu godiyar da ta wuce wannan, kuma na gane.

Abin da na koya, mahaifina ba jahilci ne ya kusa halaka shi ba. Saninsa ne, sani na gaskiya, ya ɗauke shi ya kai inda ba ya aiki. Irin wannan mutum ba a ce masa ya yi kuskure a tafi. Sai an zauna an nemo inda saninsa ya tsaya, a ɗora daga nan. Kuma in kana da mai ciwon daji a gida yana ƙin abinci wai don kada ya ciyar da ciwon, don Allah kada ka zuba masa ido. Ku koma wurin likita, ku tambaya, ku sake tambaya har ku gane.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta nesa da gida, ina da nawa iyalin. Mahaifina ya tsufa, ƙannena ke zuwa kara, shi sai ba da umarni daga kan tabarma. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Har yau in na kira mahaifiyata, kafin na tambayi lafiyar kowa sai na ce, "Inna, ya ci abinci?" Ta san ba zan daina ba, ta bar yi min faɗa a kai. Jiya ma na kira na tambaya. Kafin ta amsa, na jiyo shi daga can gefe, bakinsa a cike, yana cewa, "Ki ce mata na cinye. Ki ce mata har ƙari na nema, ke kika hana."